SAYEN DOKI: A DUBA KAFIN A BIYA



Doki a ƙasar Damagaram ba baƙo ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da dawaki ake tsaron ƙasa, yau kuma da su ake hawan salla da sukuwa. Amma duk shekara in salla ta matso, sai mu ga mutane sun kawo mana dawakin da suka saya da gaggawa, ba su ko yi sati a turke ba ciwo ya bayyana. Wani bawan Allah ya sayar da bijimi biyu ya sayi wani kili mai kyan gani. Kwana uku sai ɗingishi. Ashe allurar kashe zafi aka yi wa dokin da safiyar kasuwa. To, don kada haka ta same ku muka kawo wannan bayani.

1. Wane aiki zai yi?

Dokin hawan salla daban, na sukuwa daban, na jan amalanke daban. Ka san abin da kake so tun daga gida. Launi, ko kili ne ko akawal ko hurde, ado ne kawai. Ƙafa ce doki. Ka kuma yi lissafin harawa da dusa da gero na rani, don ciyarwa ta fi saye wuya.

2. Duba da ido

Ko a kasuwar Alhamis ta Damagaram ne, ko Maigatari, ka je da sassafe. A cire sirdi da duk wani ado, a tsai da dokin wuri mai tauri. Lafiyayyen doki gashinsa na sheƙi, kunnuwansa na motsi, yana taka ƙafafunsa na gaba daidai. Ka duba miki a gadon baya da wurin majayi, da kaska a ƙarƙashin wutsiya. In ka ga ƙuraje sun jeru kamar carbi a ƙafa ko wuya suna zubar da mugunya, ka bar shi ko da araha: ciwo ne mai wuyar magani, ƙuda da kayan hawa suna yaɗa shi.

3. Haƙora ba su ƙarya

Dillali zai ce maka yaro ne. Kai dai buɗe baki. Doki yana famfarar haƙoran tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. A shekara 5 baki ya cika. Baƙin ramin da ke kan haƙoran ƙasa yana shafewa daga shekara 6 zuwa 8. In haƙora sun yi tsawo sun turo gaba, tsoho ne. Ka duba harshe da gefen baki, ko linzami ya yanke su. Dadashi ya zama ja-ja mai damshi. In ya yi fari fat ko ɗorawa, akwai ƙarancin jini ko ciwon da kaska ke kawowa.

4. Tafiya

A ja shi ya tafi ya dawo, sannan sassarfa. Dokin da ke jin ciwo a ƙafar gaba yana ɗaga kai duk lokacin da ya taka ta. A ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, a duba tsagewa, zafi ko wari. Daga nan a hau a yi sukuwa, ka saurari numfashinsa. Tari ko gurnani a maƙogwaro ba alamar alheri ba ce.

5. Aikin likitan dabbobi

Abin da idonka bai gani ba, awo zai nuna. Ga lafiyayyen doki babba yana hutawa:
- zafin jiki: digiri 37,5 zuwa 38,5;
- bugun zuciya: 28 zuwa 44 a minti;
- numfashi: 8 zuwa 16 a minti.
Likita zai saurari zuciya da huhu, ya haska idanu, ya lanƙwasa ƙafa minti ɗaya sannan a sa shi sassarfa, don ciwon gaɓa da ya ɓuya ya fito. In da shakka, sai a ɗebi jini a kai gidan awo don neman sammore da ciwon kaska, a duba kashi don tsutsar ciki.

6. Ciniki da bayansa

Ku yi sharaɗi gaban shaidu: dokin zai kwana, a sake duba shi washegari kafin a cika kuɗi. Ƙarfin allura ba ya daɗewa. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, ka san da walakin.

In ka kai shi gida, ka ɗaure shi nesa da sauran dawaki da jakuna sati uku, bokitinsa daban. Ku tuna da murar dawaki ta 2019, yadda ta kashe dubban jakuna a Nijar. A ba shi maganin tsutsa, a kuma canja masa abinci sannu-sannu don gudun ciwon ciki.

Ku zo gidan likitan dabbobi mafi kusa da ku kafin ku biya. Allah ya ba da sa'a.