Harshe da Lambar Yabo a Duniyar Finafinai

Masu iya magana kan ce yabon gwani ya zama dole. Amma a harkar fim, wa ke zaɓen gwanin, kuma da wane ma'auni? A wannan ɗan rubutu zan yi bayani ne kan ma'auni ɗaya da ya shafe mu ɗaliban harshe, wato harshen da aka yi fim da shi.

A gasar Oscar ta Amurka akwai rukunin finafinan ƙasashen waje. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa a shekara, kuma dole ne fiye da rabin maganganun cikinsa su kasance ba da Turanci ba. A 2019 Nijeriya ta tura fim karo na farko, wato Lionheart na Genevieve Nnaji, amma aka cire shi daga gasar saboda Turanci ya yi masa yawa, Igbon da ke ciki bai wuce kimanin minti 11 ba. Mutane da yawa sun fusata, suna cewa ai Turanci ne harshen hukuma a ƙasarmu.

A 2020 sai aka tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, kuma mafi yawansa da Hausa ne. Labarin wata budurwa Bafulatana ne mai neman 'yar'uwarta bayan 'yan tayar da ƙayar baya sun afka wa ƙauyensu. A 2024 kuma aka tura Mai Martaba na Prince Daniel, shi ma da Hausa. Duka biyun ba su kai zagayen ƙarshe ba.

A ganina The Milkmaid ya cancanci yabo, kuma ya same shi a gida Afirka. A gasar AMAA, wadda Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, ya lashe kyautar gwarzon fim na 2020, Maryam Booth kuma ta samu kyautar mataimakiyar jaruma.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Ni ba Bahaushe ba ne, a aji na koyi Hausa, kuma da fassarar da ake rubutawa a ƙasan fim na fara kallon finafinan Kano. Da kunnena ya buɗe, sai na gane yawan abin da ke zubewa a hanya: habaici, zambo, karin magana, da kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Alƙalin gasar da ba ya jin Hausa fassarar nan kaɗai yake karantawa. Idan ta gurgunce, fim ɗin ya gurgunce a idonsa, komai kyawunsa.

Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, wannan aiki namu ne. Darasin fassara da muke yi a aji ba don cin jarrabawa kaɗai ba ne. Fim ɗin da ya cancanci lambar yabo yana bukatar mai fassarar da zai kai maganarsa yadda take.