Kundi Mai Zare Ɗaya da Kundi Gunduwa-Gunduwa

Duk wanda ya taɓa zama a majami'a a Kafanchan ranar da matan zumunta ke da waƙa ya san ba a iya ƙirga musu waƙoƙi. Mai bayarwa ta ɗaga murya, sauran su amsa, mai tulu tana dukan bakinsa, masu kacau-kacau na biye da ita. Kafin amshi ya mutu a bakin mata, mai bayarwa ta riga ta jefo wata waƙar. Da Hausa ta fara, sai ka ji ta zarce da harshen Atyap ko na Bajju, tulun kuwa bai huta ba ko na numfashi ɗaya.

Ranar da aka kai irin wannan waƙa sutudiyo ake fuskantar zaɓi: a yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace waƙa da farkonta da ƙarshenta, ko a bar ta zare ɗaya, wannan ta miƙa wa waccan hannu.

Hanyar yankawa tana da hujjarta, kuma ba ƙarama ba ce. Ta fi araha: in murya ta kauce, waƙa ɗaya za a sake. Ita ce kuma kasuwa ta sani. Mai tura waƙa a waya a bakin tasha ɗaya-ɗaya yake turawa, gidan rediyo ɗaya yake ɗauka, haka Audiomack da Boomplay. Spotify ma sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 yake ƙirga ta, kowace da lissafinta. Matashin da ke neman suna daga Zonkwa ko Kwoi, wanda da kyar ya haɗa kuɗin awa biyu a sutudiyo, ba zan ga laifinsa ba in ya bi nan.

Ɗaya hanyar aiki ce ta mai haƙuri. Tun kafin a kunna makirufo ake tsara jerin waƙoƙin, a duba wacce muryarta ta dace da ta gaba, wacce saurin kiɗanta zai ɗauki wacce. In akwai tazara tsakanin biyu, sai a gina gada: a bar tulu shi kaɗai yana tafiya, ko guɗa ta rufe gaɓar, ko a sassauta kiɗan a hankali har ya sauka inda sabuwar waƙar ke jira. Mai tace sauti kuma dole ya riƙe aikin duka a matsayin abu ɗaya, sai a ƙarshe ya sa alamar kowace waƙa daidai kan bugun farko, ba tare da shirun daƙiƙa 2 da aka saba sakawa a faifan CD ba. Duk da haka MP3 na iya cin amanarsa, don yakan ƙara ɗan guntun shiru a kai da gindin kowace waƙa. In mai waya ya sa ta zaɓo waƙoƙi barkatai, gadar da aka sha wahalar ginawa ta rushe.

Manya sun ɗauki wannan wahala da gangan. Marvin Gaye ya yi a kundinsa What's Going On a 1971, Pink Floyd suka yi a The Dark Side of the Moon a 1973. A nan gida, Ebenezer Obey da King Sunny Ade sun sha cika fuskar faifai guda da waƙoƙi a jere ba yankewa. Kaset ma, mai minti 30 kowane gefe, ya saba wa kunnenmu da sauraron abu har ƙarshensa.

Abin da ya tsayar da ra'ayina shi ne aikin ƙungiyar zumuntar gwaggona. Sun yi watanni suna tara kuɗi, suka je wani sutudiyo, aka dawo musu da waƙoƙinsu a yanke, kowace an dushe mata murya a ƙarshe. Wurin da mai bayarwa ke juya waƙa, inda jikin mutum ke tashi, shi aka zubar. Gwaggo ta saurara shiru, ta ce muryoyin nasu ne, amma zumuntar ba ta ciki.

Waƙar soyayya ta minti uku a yanke ta, babu asara. Amma waƙar zumunta, da kiɗan bikin Afan na Kagoro da ake yi kowace 1 ga Janairu, da na Tuk Ham a ƙasar Ham, a haɗe aka haife su. Ina roƙon masu sutudiyo na Kudancin Kaduna su ɗauke su yadda suke, su fitar da cikakken zaren tukuna. Mai son gunduwa a yanka masa daga baya.