Tsibiran Ikko: Kwana Biyu Daga Tarkwa Zuwa Gberefu

Akwai mutanen Arewa da suka shekara goma, wasu ma ashirin, a birnin Ikko, amma iyakar saninsu da ruwan garin shi ne hangen da suke yi ta tagar mota in an hau doguwar gadar nan ta uku. To, wannan da suke hange ba shi ne teku ba, wani makeken tafki ne da ke bayan gari. Tekun na gaskiya yana kudu, kuma mai gadi a Ikoyi, da mai shayi a Obalende, da mahauci a Agege, da ɗan dako a Mile 12, da wuya su sami ranar zuwa ganinsa. Neman abinci ya kawo su, abin da aka samu kuwa gida ake aikawa.

Amma a 'yan shekarun nan samari sun fara wata al'ada. Sai abokai biyar ko shida su yi karo-karo, su nemi hutun ƙarshen mako ko kwanakin Kirsimeti da ciniki ke lafawa, su shiga kwalekwale mai inji su tafi su kafa tanti a bakin teku. Wurin da aka fi somawa da shi ana kiransa Tarkwa.

Babu hanyar mota zuwa Tarkwa, sai ta ruwa. Ana shiga kwalekwale a tashar CMS da ke Marina ko kuwa a Falomo, tafiyar ba ta cika wuce minti 20 ba. Amma ga wanda bai taɓa shiga ruwa ba, minti ashirin ɗin nan dogo ne. Hanyar ta bi ta mashigin da manyan jiragen duniya ke bi zuwa Apapa, saboda haka sai mutum ya ga kansa kamar tururuwa a gindin wani jirgi mai tsawon unguwa guda. In jirgin ya wuce ya bar raƙuman ruwa a baya, ƙaramin kwalekwale ya ɗaga ya faɗa, a nan ake jin salati daga bakin wanda tun a tasha yake cika baki. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan Jihar Legas, wadda aka kafa cikin 2008, ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar ruwa. Wanda ya ga rigar da aka miƙo masa ta yage, ko igiyarta ta tsinke, ya ce a canza masa tun ba a tashi ba. Ba rashin kunya ba ne.

Lungun da Turawa suka yi ba da niyya ba

Abin da ya bambanta Tarkwa da sauran gaɓar Ikko shi ne ruwansa a kwance yake, kuma wannan ba haka kawai ya samu ba. A zamanin da, wani tudun rairayi ya tare bakin mashigin Ikko, har manyan jirage ba su iya shigowa. Sai su tsaya can tsakiyar teku, a kwashe mutane da kaya cikin ƙananan jirage, aikin da ya ci rayuka da yawa. A wajen 1908 Turawa suka fara jera manyan duwatsu daga gaɓa zuwa cikin teku, kamar katanga, gabas da yamma da mashigin. Daga wajen Abeokuta aka riƙa ɗauko duwatsun a jirgin ƙasa. Cikin Fabrairu 1914 jirgin wasiƙa na farko ya shigo har cikin tasha.

Waɗannan katangu su suka haifi Tarkwa. Tsakaninsu sai wani lungu ya samu, rairayi ya taru, igiyar ruwa kuma kafin ta iso ƙarfinta ya karye. Turawan tashar jirage suka nufa, sai ga wurin shan iska ya fito a kyauta.

Amma katangun sun yi ɓarna ta wani gefen. Ruwan wannan gaɓa yana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Da aka tare shi, sai ya taru a yamma, gabas kuwa ta rasa, teku ya dinga cin Bar Beach shekara da shekaru har yana hawowa titi. Dattawan da suka zauna Ikko cikin shekarun 1970 sun san wannan fili, nan ne jama'a ke cika ranar Lahadi, nan ne kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a gaban jama'a. Yanzu babu shi. Tun daga 2008 aka fara cike wurin da ƙasa domin gina sabon birnin Eko Atlantic.

Daren farko

In an sauka a Tarkwa akwai kuɗin shiga, akwai kuma masu ba da hayar rumfa da kujera da tanti. Wanda ya iya ciniki a Kantin Kwari ba zai sha wahala a nan ba. Abin da masu wayo ke yi shi ne su taho da guzurinsu: shinkafa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, kayan shayi, tabarma, buta, tocila da maganin sauro. Ruwan sha ya fi kome muhimmanci, domin kome na tsibiri ta kwalekwale yake zuwa, kuma kuɗin kwalekwalen a kan mai saye yake ƙarewa. Kifi kuwa a nan ake saye a hannun masunta, a gasa a ci da yaji.

Kuskuren da baƙo kan fara yi shi ne wurin kafa tanti. Teku ba kamar kogi yake ba, da ke cika da damina ya janye da rani. Shi sau biyu yake cikowa ya janye a kwana ɗaya. Wanda ya iso da rana ya tarar da fili shimfiɗe, ya kafa tantinsa kusa da ruwa don jin daɗin iska, cikin dare zai farka ya ga takalmansa suna iyo. Alamar kuwa a fili take: inda aka ga layin ciyawa da tarkacen roba a kan rairayi, nan ruwa ya tsaya jiya. Sai a wuce shi sosai kana a kafa.

Ana alwala da ruwan teku, sai dai gishirinsa ba ya barin a sha, sabulu ma ba ya kumfa a cikinsa. Alƙibla daga Ikko gabas take, da ɗan karkata zuwa arewa. Da yamma samarin wurin kan fito da wasu dogayen alluna, su hau su tsaya cik bisa igiyar ruwa tana gudu da su. Yaran masunta ne yawancinsu, a ruwa suka tashi. Kallo ya ishi baƙo.

In dare ya yi, a nan ne kuɗin mutum ke fita. Ga fitilun birni can ƙetaren ruwa, ga jirage jere a teku kowane da fitilarsa suna jiran izinin shiga tasha, amma babu hon ɗin mota, babu kwandasta mai ihu. Mutanen da ke kwana shida ko bakwai a ɗaki ɗaya a Idi-Araba, wasu ma a shago ko gindin tanka, sai ga su kowa ya miƙe ƙafa yadda ya so. A hura gawayi a ɗora shayi, hira ta koma gida: wa ya yi aure, wa ya sayi gona, ruwan bana ya yi ko bai yi ba. Abokan da ke haɗuwa kullum a tsaitsaye, a nan suke samun zama su ji damuwar juna.

Da safe akan taka zuwa tsohuwar hasumiyar da Turawa suka gina a wajen 1890 domin haska wa jirage hanya. Gaɓar da ke gabanta ita ce rairayin nan da katanga ta tare, doguwa ce mai kyau, kuma ita ce mai hatsari, don a nan babu abin da ya tsaya tsakanin mutum da tekun Atalantika. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a Kogin Haɗeja kada ya ɗauka ya iya. Ruwan da igiya ta watso gaɓa yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske, kuma abin mamaki, daidai wurin ne ruwa ya fi kama da mai lafiya. In ya ja mutum, kokawa da shi gajiya ce kawai, sai dai a yi iyo a gicciye, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinsa. Wanda bai iya ba, gwiwa ce iyakarsa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mai yawo a Tarkwa zai ga kufai nan da can. Da gari ne sosai, da makaranta da masallaci da coci. Ran 21 ga Janairu 2020 Sojan Ruwa suka iso da safe suna harbi sama, suka ce kowa ya tattara ya fita. Hukuma ta ce ana fasa bututun man da ya taso daga ma'ajiyar Atlas Cove da ke kusa, kuma ɓarayin a cikin waɗannan ƙauyuka suke fakewa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a sun ce mutum wajen 4,500 aka tasa. Satar mai gaskiya ce, ba wanda ya musa. Amma kama ɓarawo daban, tashin gari daban, kuma mai sayar da kifi da yaron da ke ɗaukar wa baƙi kaya su ne suka kwana a tashar CMS da ƙunshin kayansu. Wanda ya ga tashin Maroko cikin Yuli 1990 bai ga sabon abu ba.

Daga baya baƙi sun koma zuwa shan iska. Sai dai mai lura zai ga yadda bakin ruwan Ikko ke ƙuncewa ga mai ƙaramin ƙarfi. Bar Beach ya tafi, Kuramo ya bi shi bayan ambaliyar 2012, yawancin na wajen Lekki kuwa an kewaye su an sa mai karɓar kuɗi a ƙofa.

Yamma ta ƙorama

Masu sauran kuɗi a aljihu ba su tsayawa a Tarkwa. Sai su yi shatar kwalekwale su bi ƙoramar Badagry, wadda ta miƙe yamma tana bin gefen teku har ta shiga Jamhuriyar Benin. Ana wuce Tin Can, a wuce Tsibirin Maciji, wanda siffarsa ce ta jawo masa sunan, inda ake gyaran jirage. Daga nan hayaƙi ya ƙare, sai itatuwan kwakwa. Ibeshe da Ilashe suna kan wani siririn tudu, ƙorama a arewa, teku a kudu, mutum ya ratsa da ƙafa. Attajiran Ikko sun gina gidajen hutu a wurin, a gefensu kuma ga bukkokin masunta, Awori da Egun da Ilaje da mutanen Gana, waɗanda kan jeru su ashirin ko fiye suna jan taru guda tun da hantsi. Baƙon da ya kama musu igiya ba ya rasa na miya. Ƙasar tana da masu ita, saboda haka kafin a kafa tanti sai a nemi mai unguwa a yi gaisuwa, kamar dai yadda ake yi a gida.

Shata tana da sharaɗi. A yi magana da direba a kan zuwa da dawowa, kada a biya duka sai an dawo, a kuma tabbata ya ɗauki man da zai isa. Sa'an nan kada a yarda da tafiyar dare kome arha, dokar ruwa ma ta hana. Ran 8 ga Yuli 2022, daren jajiberin Babbar Salla, wani kwalekwale ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan magariba, ruwa ya ja shi ƙarƙashin wani jirgin dako da ke tsaye, ya kife. Fiye da mutum 15 suka rasu, yawancinsu 'yan gida ɗaya masu zuwa yin Salla. Lokacin da ya fi dacewa da wannan yawo shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Yuni da Yuli na ruwan sama ne da haukan teku.

Zangon ƙarshe shi ne Badagry, kimanin mil 40 daga Ikko, kusa da iyakar Seme. Garin yana da tsohuwar alaƙa da Arewa. Daga nan Bature Kilafaton ya kama hanya a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa ya bi ta Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kuma ya rasu cikin Afrilu 1827. A bakin ruwa akwai gidan benen da 'yan mishan suka gina cikin 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, ɗakuna ƙanana masu 'yar taga guda can sama.

Daga nan ake ƙetarawa tsibirin Gberefu, minti kaɗan a kwalekwale, sa'an nan a taka cikin rairayi kusan rabin sa'a. Hanyar da bayi suka bi ke nan zuwa jirgi. A tsakiyarta akwai wata rijiya da mutanen garin ke cewa ana shayar da bayi ruwanta domin su manta gida. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake. An kai su Bahiya ta ƙasar Barazil, kuma ba su manta ba: sun shirya tawaye a 1807 da 1809 da 1814, suna kuma cikin babban tawayen Musulmi na Janairu 1835, wanda aka yi cikin watan azumi. A jikin waɗanda aka kashe a wannan dare 'yan sanda sun sami layu da rubutun Larabci.

Inda hanyar ta ƙare babu kome sai rairayi da kwakwa da teku mai ƙara. Ba a wanka a nan, igiyar ta yi ƙarfi. Masu kwalekwalen Gberefu kuma ba su son kai magariba, saboda haka da la'asar sakaliya ake juyowa, a kwana a gari, da asuba a nemi motar Mile 2.