Yadda Finafinai Ke Jawo Ciniki A Gandun Namun Dajin Disney Lokacin Bazara

A tsakiyar jihar Fulorida ta ƙasar Amurka, kusa da birnin Olando, akwai wani katafaren wurin shaƙatawa mai suna Disney's Animal Kingdom, wanda faɗinsa ya kai eka 580, shi ne kuma mafi girman fili cikin wurare huɗu da kamfanin Disney ya mallaka a wannan yanki. An buɗe shi ran 22 ga watan Afrilu, 1998, a zamanin shugabancin Michael Eisner. A cewar kamfanin, akwai dabbobi kimanin 2,000 a ciki, waɗanda suka fito daga jinsi wajen 300. Amma duk wanda ya lura da inda layin jama'a ya fi tsawo a watannin Yuni, Yuli da Agusta, zai tarar ba gaban zaki ko giwa ba ne. Layin yana ƙofar wuraren da aka gina bisa labarin finafinai.

Waɗannan watanni, da suka yi daidai da tsakiyar damina a ƙasar Hausa, su ne bazarar Amurkawa, lokacin da makarantu ke dogon hutu, iyaye kuma ke kwasar 'ya'yansu zuwa yawon buɗe ido. Sai dai bazarar Fulorida ba ta da sauƙi. Zafi yakan haura digiri 32 da rana, ga gumi mai naci, sannan da la'asar hadari yakan taso da tsawa kusan kullum. Dabba kuwa ba ta san an sayi tikiti dominta ba. Da rana ta take sai ta nemi inuwa ta kwanta. Wannan ita ce matsalar kasuwancin da wurin ya daɗe yana fama da ita, har jama'a suka yi masa laƙabi da wurin rabin yini, wato a shiga da sassafe, a ga dabbobi, a fice kafin azahar. Baƙon da ya fice da azahar kuwa ya tafi da kuɗin abincin darensa da na tsarabar 'ya'yansa.

Masu tsara wurin, ƙarƙashin jagorancin Joe Rohde, sun yi dabaru iri-iri don dabbobin su riƙa fitowa fili. A sashen da ake kira Kilimanjaro Safaris, inda ake ɗaukar baƙi a manyan motoci a ratsa da su cikin dajin eka 110, ana ɓoye abinci a wuraren da idon baƙo zai kai, an kuma sanya na'urar sanyaya duwatsun da zakuna ke kwanciya a kai. Ramuka da shingayen da ke raba dabbobin an lulluɓe su yadda ba a ganinsu. Hatta manyan itatuwan kuka da tarin suri da ke cikin dajin, da siminti aka ƙera su, ko da yake sai mai ƙwaƙƙwaran ido zai gane. Ƙauyen Harambe da ake ratsawa kafin a shiga motar an kwaikwayo shi ne daga garuruwan gaɓar tekun Afirka ta Gabas. Duk da haka, raƙumin dawa da karkanda da dorina ba su isa su riƙe iyali daga hantsi har bayan isha'i ba.

Tun ranar farko kamfanin ya jingina wurin da finafinansa. Wasan rawa da waƙa na Festival of the Lion King, wanda aka ɗauko daga fim ɗin 1994, ana yinsa sau da dama a yini cikin zaure mai sanyi, kuma yana ɗaukar jama'a masu yawa a zama ɗaya a daidai lokacin da rana ta fi zafi. A ƙarƙashin wata bishiyar ƙira mai tsawon ƙafa 145 da ke tsakiyar wurin, an buɗe majigin ƙwari na It's Tough to Be a Bug! watanni bakwai kafin fim ɗin A Bug's Life ya fito kasuwa a watan Nuwamba, 1998, ta yadda wurin shaƙatawar ya zama allon tallan fim ɗin. A shekarar 2000 ma an sauya wa wani abin hawa suna ya koma DINOSAUR domin ya dace da fim ɗin da aka saki a wannan shekara. A 2007 kuma aka ƙara wasan Finding Nemo.

Abin da ya tilasta babban sauyi daga waje ya zo. A watan Yuni, 2010, abokin hamayyarsu Universal ya buɗe sashen Harry Potter a wurinsa na Olando, jama'a suka yi tururuwa, cinikin sanduna da riguna da abin sha na cikin labarin ya bunƙasa. Bai fi watanni 15 ba, a watan Satumba, 2011, Disney ya ba da sanarwar ƙulla yarjejeniya da James Cameron, mai shirya fim ɗin Avatar na 2009, wanda cinikinsa a gidajen sinima na duniya ya zarce dala biliyan 2.9. Abin lura shi ne, a lokacin fim ɗin ba na Disney ba ne. Hayar sunansa aka yi, kuma sai a watan Maris, 2019 ya shigo hannun kamfanin, bayan da ya sayi kadarorin 21st Century Fox kan dala biliyan 71.3.

Sashen Pandora mai eka 12, wanda aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 500, an buɗe shi ran 27 ga watan Mayu, 2017, wato a bakin hutun bazara, kuma ba a zaɓi ranar da ka ba. A ciki akwai duwatsun ƙira da ake gani kamar suna shawagi a sama, da tsirran da ke haskawa idan dare ya yi. Abin hawa mafi farin jini shi ne Flight of Passage, inda mutum ke zama kan wata kujera mai kama da babur, ya sanya tabarau, ya ji kamar yana tashi bisa bayan wata halitta mai fukafukai, har yana jin numfashinta a tsakanin gwiwoyinsa. A makonnin farko jama'a sun yi ta jiran sa'o'i uku zuwa huɗu domin tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Na biyun, Na'vi River Journey, kwale-kwale ne da ke tafiya a hankali cikin duhu. Dukansu a cikin gini mai sanyi suke, ruwan sama bai hana su aiki, hasken daren kuma ya ba baƙo dalilin tsayawa har ya ci abincin dare a wurin.

Ƙididdigar ƙungiyar Themed Entertainment Association ta nuna baƙin wurin sun tashi daga miliyan 10.8 a 2016 zuwa miliyan 12.5 a 2017, suka kai miliyan 13.9 a 2019. Ƙarin mutum miliyan 3 ke nan cikin shekaru uku. Amma bayan annobar korona adadin bai koma yadda yake ba, domin a 2023 bai kai miliyan 9 ba. Farin jinin fim ɗaya yana da wa'adi, alhali ciyar da giwa da biyan likitocin dabbobi ba sa jiran yawan baƙi.

Kamfanin ya kuma sauya yadda yake karɓar kuɗi. Daga 2016 farashin tikitin yini ɗaya ya fara bin lokacin shekara, daga watan Oktoba, 2018 kuma ya koma bin kwanan wata, kamar yadda kamfanonin jiragen sama ke yi. A 2021 aka soke tsarin tsallake layi na kyauta, aka maye gurbinsa da na biya. Ma'ana, dogon layin da fim ya haddasa shi ma ya zama haja. A shekarar kuɗi ta 2024, sashen Disney mai kula da wuraren shaƙatawa, jiragen ruwa da kayan tsaraba ya yi cinikin sama da dala biliyan 34, ribar aikinsa ta haura dala biliyan 9, fiye da ta kowane sashe na kamfanin.

Akwai masu ganin wannan tafiya tana mai da dabbobin tamkar ado a gefen hanya, kuma maganar tasu ba ta rasa tushe, tun da halittun Pandora ba su taɓa rayuwa a doron ƙasa ba. Kamfanin kuwa yana kafa hujja da cewa jigon fim ɗin kare muhalli ne. Harkar nuna dabbobi tana da nata hatsarin. Kafin a buɗe wurin a 1998 wasu dabbobi sun mutu, Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta yi bincike, ba ta sami kamfanin da laifin keta doka ba. Kamfanin SeaWorld kuwa fim ne ya girgiza shi: bayan fitowar Blackfish a 2013, wanda ya soki yadda ake tsare wani nau'in manyan dabbobin teku, baƙinsa suka ragu, darajar hannun jarinsa ta faɗi, a watan Maris, 2016 kuma ya sanar da daina hayayyafar da su. A Animal Kingdom kuwa ba a sayar da balan-balan, ba a kuma ba da tsinken shan lemo na roba, gudun kada dabba ta haɗiye.

Hamayyar ba ta lafa ba. Ran 22 ga watan Mayu, 2025, Universal ya buɗe sabon wurinsa na Epic Universe a Olando. Disney, wanda a watan Satumba, 2023 ya ce zai zuba dala biliyan 60 cikin shekaru goma a wannan fanni, ya rufe majigin ƙwarin nan a watan Maris, 2025, ya maye gurbinsa da na fim ɗin Zootopia a watan Nuwamba. Tun a watan Janairun shekarar aka fara rufe sashen DinoLand domin gina sabon yanki mai siffar ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, bisa finafinan Encanto da Indiana Jones, wanda kamfanin ya ce za a buɗe a 2027.