Tankin tace ruwan murjani: A saya ne ko a haɗa a gida?

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke kashe dubban daloli wajen kiwon kifayen teku da murjani mai rai a cikin tankunan gilashi a falonsu.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne ke da irin waɗannan tankuna a duniya a wancan lokaci, kuma cinikin halittun da ake zubawa a ciki yana kaiwa dala miliyan 200 zuwa 330 a shekara.

Murjanin da ake magana a kansa ɗan'uwa ne ga jan murjanin da mata ke ado da shi. Dabba ce mai rai, wadda ba ta jure ƙazanta ko sauyin zafi da gishiri. Shi ya sa akasarin masu wannan kiwo ke ɓoye wani tanki na biyu a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin babban tankin, wanda Turawa ke kira sump, domin tace ruwa.

A kan wannan tankin ƙasa ne ake ta muhawara: shin mutum ya saya haɗaɗɗe daga kamfani ne, ko kuwa ya haɗa abinsa da hannu?

Yadda yake aiki

Ruwa kan malalo daga saman babban tanki ta cikin bututu ya gangaro ƙasa da kansa. A nan zai ratsa ɗakuna uku ko huɗu da aka raba da alluna.

A ɗaki na farko akwai jakar ƙyalle mai tare datti. Daga nan sai na'urar kumfa, wadda ke cakuɗa ruwa da iska har dattin da ya narke ya manne wa kumfar ya taso sama a kwashe shi. Wasu kan ware ɗaki guda su shuka gansakukar teku domin ta shanye sinadaran da kashin kifi ke bari. A ɗaki na ƙarshe injin famfo ke tura ruwan ya koma sama.

A cikin wannan tanki ake saka na'urar ɗumama ruwa, domin murjani na buƙatar zafin da bai wuce digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas ba, da gishiri kusan giram 35 a kowace lita.

Masu kiwo a birnin Berlin na Jamus ne suka yi fice da dogaro da na'urar kumfa da duwatsun teku a shekarun 1970 da 1980, har aka laƙaba wa tsarin sunan birnin. A Amurka kuwa, jerin maƙaloli da wani ɗan ƙasar Holland, George Smit, ya wallafa a 1986 ne suka yaɗa ɗabi'ar ajiye matatar ruwa a ƙarƙashin tanki.

Hujjar masu haɗawa a gida

Babbar hujjarsu kuɗi ce. A baya, kamfanin Petco na Amurka ya shafe shekaru yana yin rangwamen da ake sayar da tankin gilashi a kan dala ɗaya kowane galan. Wato a wancan lokaci da dala 40 mutum yana iya ɗaukar tanki mai cin galan 40, kusan lita 150, ya kai wa mai yankan gilashi ya yanko masa alluna uku ko huɗu, ya manna su da gam ɗin silikon.

Tanki mai irin wannan girma daga kamfanoni kamar Trigger Systems ko Eshopps kan ci ɗaruruwan daloli.

Wanda ya haɗa da kansa kuma shi ke zaɓar faɗin kowane ɗaki daidai da na'urorin da yake da su.

Sai dai aikin na da tarkuna. Ba kowane silikon ne ya dace ba: irin wanda ake sa wa a banɗaki yana ɗauke da maganin hana fumfuna, kuma wannan magani guba ne ga halittun ruwa. Wajibi ne kuma a bar gam ɗin ya bushe sarai, kwana biyu aƙalla, wasu ma sukan jira mako guda.

Tarko na biyu ya fi kama sababbin shiga. Da yawa kan yi allunan da robar akirilik saboda ta fi gilashi sauƙin yankawa, alhali silikon ba ya kama ta da kyau. Bugu da ƙari, akirilik na shan ruwa ya ɗan kumbura, ta yadda idan aka yanka shi cif da faɗin tankin, yana iya tokare gilashin har ya tsage.

Abin da kuɗi ke saye

Tankunan kamfani galibi da akirilik ake yin su gaba ɗaya, a narke gaɓoɓinsu su zama abu guda, wasu kuma da robar PVC kamar na kamfanin Royal Exclusiv na Jamus. Sukan zo da mazaunin jakar tacewa, da ramukan bututu, da murfin da ke rage ƙara da fallatsar gishiri, wasu har da allunan da ake ɗagawa ko a sauke.

Wannan na da muhimmanci, domin kowace na'urar kumfa na da zurfin ruwan da take aiki a ciki. Wanda ya manne allunansa da silikon ya kuskure tsayin, sai dai ya sa reza ya kankare ya sake, ko ya yi wa na'urar dandamali.

Kamfanoni irin su Red Sea ma sun ɗauke wa mai saye zaɓin, domin suna sayar da babban tanki da kabad da tankin ƙasa a haɗe.

Amma kamfani bai san kabad ɗin kowa ba. Ba sabon abu ba ne mutum ya biya kuɗi mai yawa, tankin ya ƙi shiga ƙofar kabad, ko ɗakin na'urar kumfa ya yi mata kaɗan. Dangane da tsabtar ruwa kuwa, babu abin da tsada ke ƙarawa, tun da na'urori da gansakuka ne ke aikin tacewar.

Idan wuta ta ɗauke

Gwajin da ke bambance tanki mai kyau da maras kyau, na gida ne ko na kanti, shi ne lokacin da famfo ya tsaya.

Da zarar an ɗauke wuta, ruwan da ke saman babban tanki zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka ƙasa da bakin magudana. Bututun da ke mayar da ruwa sama shi ma kan juya ya riƙa zuƙo ruwa ƙasa, har sai iska ta shige shi.

Lissafin ba shi da wuya. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, idan ruwansa ya sauka da santimita uku kacal, lita 18 ke nan za ta gangaro. Tankin ƙasa mai tsawon santimita 76 da faɗin 30 sai an bar masa sarari kusan santimita takwas kafin ya iya ɗaukar wannan ruwa, ban da wanda ke cikin bututu.

Idan ba a bar sararin ba, ruwan gishiri zai kwarara cikin kabad ɗin da ke cike da wayoyin lantarki. A nan ne tankin gida kan yi zarra, domin da kuɗi kaɗan ana samun babba, yayin da mai sayen na kamfani kan zaɓi ƙarami saboda tsada.

Akwai kuma batun ɗakin famfo. Duk ruwan da ya tashi ya bi iska, a wannan ɗaki ake ganin raguwarsa. Idan ɗakin ya yi ƙanƙanta, famfon zai iya ƙafewa ya ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu, gishirin ruwan kuma ya ƙaru. Don haka ake haɗa shi da na'urar da ke ƙara tataccen ruwa maras gishiri da kanta.

Asarar da ke biyo baya ba ta tsaya ga aljihun mai tanki ba. Kaso mai yawa na murjanin da ake sayarwa daga tekun Indunusiya da Ostireliya yake fitowa, kuma cinikin murjani mai dutse na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Indunusiya ma ta dakatar da fitar da shi daga 2018 zuwa farkon 2020.

Ƙwararru kan shawarci duk wanda ya kafa sabon tanki da ya cika shi da ruwan famfo tukuna, ya kashe wuta da gangan, ya ga inda ruwan ya tsaya, sannan ya ja layi a jikin ɗakin famfo da ke nuna iyakar da ba za a wuce ba wajen ƙara ruwa.