Tsakanin Zafin Bazara da Wutar Daji

A ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Cikin kwana huɗun farko na watan, mutum 102 suka rasu a asibitin Gabriel Touré da ke Bamako, alhali a duk watan Afrilun 2023 mutum 130 ne. Ana cikin azumi, wutar lantarki tana ta ɗaukewa, kimanin rabin mamatan kuma sun haura shekara 60. Ba a yi wata uku ba alhazai sama da 1,300 suka rasu a Saudiyya, zafin Makka ya kai 51.8. Amma har gobe a wurinmu zafin rana abu ne da namiji yake daurewa, wanda ya nemi inuwa sai a ce rago ne.

Da gumi jiki yake sanyaya kansa. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ko zafin ya fi ƙarfin gumin, sai alamu su fara: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, jijiyar ƙafa tana murɗewa, fitsari ya koma ja kuma kaɗan. A nan inuwa da ruwa sun isa. Wanda ya zubar da gumi da yawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Inda ake asarar rai shi ne mataki na gaba, kuma sau da yawa a gaban jama'a ake yi. Leburan gini yana ɗora bulo tun hantsi, wajen azahar sai ya fara amsa tambayar da ba a yi masa ba, yana tangaɗi, yana faɗa da abokin aikinsa ba dalili. Wani ya ce iska ce, wani ya ce ya sha wani abu, wani ya ruga kemis sayo farasitamol. A lokacin zafin jikinsa ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce take galabaita, farasitamol kuwa ba ya sauke irin wannan zafin. A ja shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan randa daga kai har ƙafa, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Ana yin haka ana neman abin hawa zuwa asibiti, a hanya ma kada a daina. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, shaƙe shi zai yi. Idan mai azumi ne kuma yana iya haɗiya, a ba shi ya sha. Malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin karya azumi don ceton rai, daga baya ya rama.

Sauran duk tsarin lokaci ne. Aiki mai nauyi a yi shi daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar. A sha ruwa kafin ƙishirwa ta zo, a sa malafa da riga mai yalwa. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko da za a shiga shago ne a fito.

A Kaliforniya da Girka zafi da gobarar daji tare suke zuwa. A nan Sahel wutar takan riga zafin: tana farawa da kaka, ciyawa ta bushe, iskar hunturu tana kaɗawa, ta ci gaba har cikin bazara. Shekarar da damina ta yi kyau ita ce ta fi haɗari, domin ciyawar ta fi yawa. Mafarauta masu korar gafiya, masu cirar zuma, guntun sigari, wutar shayin da aka tashi aka bari, su ne mafarinta. Shi ya sa a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram ake kankare dogayen layuka a cikin makiyaya bayan damina, don wuta ta iso ta rasa abin ci.

Wanda wuta ta tarar a daji ya fara duba inda iska ta nufa. Kada ya gudu a gabanta, wutar ciyawa idan ta samu iska tana iya cim ma mai gudu. Ya ratse gefe. Kada ya hau tudu, domin ta fi sauri idan tana hawa. Ya nemi fako, ko titi, ko wurin da ta riga ta cinye, ya kwanta ƙasa inda hayaƙi ya fi sauƙi, ya rufe hanci da baki. Yadin roba narkewa yake ya manne da fata, na auduga ya fi. Masu kashe ta da ɗanyen ganye su bi ta baya da gefe, kada kowa ya tare gabanta don ceton kara ko dabba.

Bayan ta mutu ma a zagaya a duba. Kashin shanu da kututture suna ci ta ciki na tsawon sa'o'i, iska na tasowa su sake kunna ciyawar da ke kusa, don haka a tone su a binne da ƙasa kafin a watse.