Sayen laftof a Yawunde: ramuka, RAM ko sauƙin ɗauka, wanne ɗan kasuwa zai sa a gaba?

A da, kayan aikin ɗan kasuwa a unguwar Briqueterie ba su wuce littafin bashi, biro da kalkuleta ba. Yanzu mai shagon atamfa da shadda yana tura hotunan kaya ta WhatsApp, yana karɓar kuɗi ta MoMo ko Orange Money, wanda ke yi masa sayayya a Dubai ko Guangzhou ya turo masa jerin farashi a Excel, ga takardun haraji da ake cikewa ta intanet. Waya tana ɗan taɓukawa, amma duk wanda ya gwada duba lissafi mai layi ɗari uku a fuskar waya ya san inda ƙarfinta ya tsaya.

Kuma a gidajenmu ba a sayen laftof don mutum ɗaya. Da rana tana shago, da dare Hajiya za ta shigar da lissafin kayan da ta bayar bashi, yaron da ke jami'a a Ngoa-Ekelle ko Soa yana jira ya rubuta aikinsa, ƙanana na son sauraron karatu. Kuɗin da za a fitar ba ƙanana ba ne, wani lokaci ribar watanni ce. To idan ka sauka Avenue Kennedy, inda masu sayar da wayoyi da kwamfutoci suka yi dandazo, kowa na jan hannun rigarka yana cewa tasa ce ta fi, me za ka duba?

Mu fara da abin da ya fi rikita mutane, wato giga. Mai sayarwa zai ce maka “wannan giga 500 ce”, wani ya ce “tawa giga 8 ce amma ta fi gudu”, kai kuma ka tsaya kana mamakin yadda takwas za ta fi ɗari biyar. Abubuwa biyu ne daban suke kira da suna ɗaya. Akwai ma'ajiya, inda takardu da hotuna ke kwana ko an kashe kwamfuta. Wannan shi ne sito. Akwai kuma RAM, wadda take kamar teburin shago, inda kake baje kayan da kake ciniki a kansu yanzu-yanzu. Sito ko ya kai girman Marché Mokolo, in teburinka ƙarami ne, kowane mai saye ya zo sai ka kwashe wani kaya ka mayar ciki kafin ka fito da wani. Haka kwamfuta mai ƙaramar RAM take yi, shi ya sa take tsayawa tana tunani in ka buɗe Excel da WhatsApp da shafukan intanet goma a lokaci guda.

Windows 11 a takarda tana karɓar RAM giga 4 da ma'ajiya giga 64. A aikace, giga 4 wahala ce tsagwaronta. Giga 8 ita ce mafi ƙarancin abin da zan ba mutum shawara ya biya kuɗi a kai, 16 kuma ita ce kwanciyar hankali, musamman in akwai ɗalibi a gida. Mutanen Kamaru ma sun ga darasin ƙaramar ma'ajiya da idonsu. A 2016 aka sanar da kyautar kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, waɗanda aka sa wa suna PB HEV, aka fara rabawa a ƙarshen 2017. Ƙanana ne, marasa nauyi, ana jefa su a jaka ba a ji ba, amma ma'ajiyarsu giga 32 ce, aka yi ta cece-kuce a kai. Dalilin a fili yake: Windows kaɗai za ta cinye kaso mai yawa na wannan wuri kafin ɗalibi ya ajiye takarda ko ɗaya. Har yau irin waɗannan ƙananan kwamfutoci masu giga 32 ko 64 suna yawo a kasuwa, sabbi fil a kwali, farashinsu na jan hankali. Wuce su kawai.

Ga tambayar da ba kowa ke yi ba, alhali ita ce ta fi muhimmanci: ana iya ƙara RAM ɗin? A wasu kwamfutoci RAM tana zaune ne a gurbi, mai gyara ya kwance murfin ƙasa ya zare ta ya sa babba cikin minti goma. A wasu kuwa, musamman siraran nan masu kyan gani, an liƙe ta da dalma a jikin allon, yadda ka saye ta haka za ta mutu. MacBook Air na wannan zamani haka take, ba a ƙara mata komai bayan saye. Su kuwa irin Lenovo ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5, waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sauke, suka iso nan a matsayin na hannu (okaziyon a bakin mutanen nan, tokumbo a bakin na Kano), gurbin RAM biyu gare su. Kana iya saye da giga 8 bana, baɗi in kasuwa ta yi kyau ka cika ta 16.

Ita ma ma'ajiyar iri biyu ce. Tsohon yayi, HDD, faifai ne ke juyawa a ciki da allura tana karantawa. Sabon yayi, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa. Ga mai zama ofis bambancin gudu ne kawai. Ga wanda zai hau jirgin ƙasan dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, ya sauka ya shiga mota zuwa Garwa, Marwa ko Kusiri, jakarsa na shan gargada a hanya, bambancin ya wuce gudu. Faifan da ke juyawa ba ya son jijjiga, in ya lalace kuma da lissafin bashin mutane zai tafi. SSD mai giga 256 ta fi HDD mai giga 1,000 amfani ga ɗan kasuwa, ko mai sayarwa ya rantse da akasin haka.

Sai a kula da shekarun na'urar. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama. Kada tambarin “i7” da ke manne a jiki ya ruɗe ka. Duba lambar da ke bin bayansa: i5-8250U ƙarni na 8 ne, i7-4600U na 4 ne, kuma wancan i5 ɗin ya fi wannan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Masu gyara sun iya cusa Windows 11 a kan tsohon inji, za ta kuma tashi, sai dai babu tabbacin za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro. Kwamfutar da za ka riƙa shiga asusun banki da ita ba wurin gwaji ba ce.

Yanzu ramuka. Juya kwamfutar ka ƙirga ƙofofin da ke gefenta, sannan ka ƙirga abin da kake jonawa a rana guda: firinta, filashi, linzami, wayar da kake ɗauko hotunan kaya daga cikinta ko kake jan intanet da ita. Kusan duk waɗannan da tsohon ramin USB mai faɗi suke aiki. Shagunan buga takardu da yin kwafi har yanzu filashi suke karɓa. Siririyar kwamfuta mai ƙananan ramukan USB-C biyu kacal, ɗaya kuma caja ta riƙe shi, za ta tilasta maka yawo da ƙaramin akwatin rarraba ramuka. Akwatin ba shi da tsada sosai, amma shi ne abin da ake mantawa a masauki a Duwala, kuma na arha yakan yi zafi ya yanke ana tsakiyar kwafin takardu. A ganina faffaɗan ramin USB biyu shi ne mafi ƙaranci. HDMI ma yana da rana, don ɗalibi ya jona majigi ranar kare aikinsa ko a haɗa da talabijin ɗin falo. Ramin wayar intanet kuwa, sai in shagonka na da layin da aka ja masa, in ba haka ba kada ka fasa ciniki saboda shi.

USB-C fa ba abin ƙi ba ne, sai dai a san cewa ba duka suke ɗaya ba. Wani yana ɗaukar bayanai kawai, wani yana fitar da hoto zuwa allo, wani ana cajin kwamfutar ta cikinsa, alhali a ido kamarsu ɗaya. Na cajin shi ne dukiya a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. In kwamfutarka na caji ta USB-C, fawa-bankin da ke fitar da wat 65 zai iya riƙe ta, caja ɗaya kuma ta ishe ta da waya. Mai zuwa Dubai ko Caina ya lura: ƙa'idar jiragen sama ita ce irin wannan batir ya shiga jakar hannu, kuma kada ya wuce wat-awa 100 ba tare da izinin kamfanin jirgi ba. Mai 20,000 mAh wajen wat-awa 74 ne, ya shige. Tarayyar Turai ta sa 28 ga Afrilun 2026 a matsayin ranar da dokar caji ta USB-C ke hawa kan sababbin laftof da ake sayarwa a ƙasashenta, don haka cajojin nan sai ƙara yawa za su yi a kasuwa, su kuwa masu zagayayyen baki, da kowane kamfani ke da girmansa, su riƙa wuyar samu. Kada ka yarda da “ai tana yi”. A jona a gabanka ka ga alamar caji ta fito.

Wani ɗan abu da ke ba masu zirga-zirga tsakanin ƙasashen nan haushi shi ne kan filogi. Na Najeriya ƙafa uku ne masu kusurwa, irin na Ingila, na Kamaru zagayayyu ne irin na Faransa. Cajar kanta ba ruwanta, yawancinsu daga bolt 100 zuwa 240 suke karɓa, an rubuta a jikinsu. Igiyar da ke shiga bango kawai za ka sauya. Sayi guda biyu ka huta da tura filogi da tsinke.

Nauyi kuma fa? Mai allo inci 13 ko 14 takan kai kilo ɗaya da ɗan wani abu zuwa ɗaya da rabi, mai inci 15.6 takan doshi kilo biyu ko ta wuce, ban da caja. A shago rabin kilo ba komai ba ne. A kafaɗar wanda ke hawa da sauka a tuddan Yawunde, ko yake maƙale a bayan ɗan acaɓa ruwan sama na tahowa, rabin kilo magana ce. Babbar jaka kuma tana sanar da kowa abin da ke cikinta.

Amma babbar tana da abin da ƙaramar ba ta da shi, kuma nan ne Kamaru ta bambanta da Kano. Kwamfutocin da suka fito daga Faransa da Beljiyam madanninsu AZERTY ne, na Najeriya da Dubai da Amurka QWERTY. Ba wurin A da Q ne kaɗai ya sauya ba. A AZERTY na Faransa, layin sama haruffa masu alama yake bugawa, irin é da è da ç, lamba kuwa sai ka danne Shift. Ga yaron da ke rubutu da Faransanci wannan alheri ne. Ga Alhajin da aikinsa daga safe zuwa dare buga lambobi ne, azaba ce. Yawancin masu inci 15.6 suna da rukunin lambobi a gefen dama kamar kalkuleta, wanda ke kashe wannan matsala. Masu inci 14 ba su da shi. Ana iya sauya tsarin madannai a cikin Windows, har na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ akwai, da na Larabci, amma abin da aka zana a kan maɓallan ba zai sauya ba, wanda bai haddace su ba zai yi ta lalube. Ana kuma sayar da ƙaramin allon lambobi da ake jonawa ta USB, ka ga ya sake cin rami ɗaya. Don haka a zauna da iyali tun a gida a yanke: wa zai fi amfani da ita, kuma da wane harshe?

In an matsa mini in zaɓa wa ɗan kasuwa mai tafiye-tafiye, ni dai ina wajen mai inci 14 irin ta ofis, ƙarni na 8 ko sama, da SSD, da RAM giga 8 mai karɓar ƙari, da faffaɗan USB biyu, da caji ta USB-C. Ba ta da ƙyalƙyali, yaro zai ɗan ɓata rai don ba ta yi kama da ta abokinsa ba, amma kayan gyaranta suna nan a gari. Wanda kwamfutarsa ba za ta bar teburin shago ba, ya ɗauki babbar, idonsa ma ya huta.

Ranar ciniki a tafi da wanda ya san kan abin, a tafi da filashi. A gwada kowane rami ɗaya bayan ɗaya, a danna kowane maɓalli, a buɗe kamara. Batir shi ne abin da ya fi gajiya a kayan hannu, kuma Windows na iya tona asirinsa: a buɗe cmd a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. In ya sauka zuwa rabi, a rage kuɗin sabon batir daga farashi. A shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirrin da tsohon mai ita ya bari, a kuma jona ta da intanet a ga ba ta neman shiga asusun wani kamfani.

Sannan rasit. Wanda ya zo daga gefen titi da kwamfuta a leda, farashi rabin na shago, ba caja ba takarda, bar masa kayansa, don in ta sata ce kai za a riƙe, kuma baƙo ya fi kowa shan wahalar irin wannan magana. A shago, ka sa a rubuta maka sunan shagon, kwanan wata, samfurin kwamfutar da lambar jikinta da ke manne a ƙasa, da kwanakin garanti in an ba ka. Ɗauki hoton rasit ɗin ka tura wa wani a gida, asalin kuma ya zauna a jakar kwamfutar, saboda shingen bincike da kan iyaka.